Mutum 23 na jiran baftisma, takwas kawai na yarda da su: yaya zan san aikin yana girma?

TAMBAYA

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni mai bishara ne a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur a jihar Katsina, shekarata huɗu ke nan a wurin. Da na zo, mu 30 ne ranar Lahadi har da yara. Bara waccan wasu 'yan'uwa daga birni suka haƙa mana rijiyar burtsatse, suka raba taki, muka kai 85. Yanzu mun dawo wajen 50. Duk wata uku ina cika takardar rahoto: yawan masu sujada, yawan masu baftisma, yawan baiko. A taron ma'aikata da muka yi a Katsina nawa ne mafi ƙanƙanta, har wani babba ya ce in abin bai canja ba za a duba batun canja mini wuri. Ina da mutum 23 a ajin baftisma, Rabaran zai zo a Disamba, amma takwas ne kawai hankalina ya kwanta da su. Cikin tsofaffin masu bi akwai mai zuwa wurin boka in ɗansa ya kwanta ciwo, akwai kuma biyu da ba sa ga-maciji saboda iyakar gona, suna kuma cin Jibin Ubangiji tare. In gabatar da su duka 23 don rahoton ya yi kyau? Ta yaya zan san aikin yana girma ko ɓata lokaci nake yi?

AMSA

Malam, sannu da aiki, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Kada ka gabatar da kowa don rahoto ya yi kyau. Wanda aka shigar da shi ruwa don a cika takarda, kai ne za ka zauna da shi shekara da shekaru bayan an manta da takardar, kuma shi kansa an cuce shi, domin an sa ya ɗauka ya riga ya iso inda ko hanya bai kama ba.

Amma kafin mu zo kan su, bari mu gyara maka lissafinka, don muna ganin da lissafin da ba daidai ba kake azabtar da kanka. Kana cewa kun faɗo daga 85 zuwa 50. A'a, kun tashi ne daga 30 zuwa 50. Mutum 35 da suka tafi, taki ne ya kawo su, ƙarewarsa ce ta mayar da su. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma miya ta ƙare, mutum 20 sun zauna. Su waye su? Me ya zaunar da su? Ka je ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, a nan za ka ga abin da Allah yake yi a ƙauyen. Nan gaba kuma ka raba taimako da sujada gaba ɗaya. Rijiya ta kowa ce, Musulmi da Bamaguje da Kirista, kowa ya ɗebi ruwa ba sharaɗi. In za a yi rabo, a yi shi ranar da ba Lahadi ba, a wurin da ba majami'a ba, tare da sanin mai unguwa. Duk ranar da aka haɗa rabo da sujada, ka rasa hanyar sanin wanda ya zo don me, ka kuma ba maƙwabta dalilin cewa sayen mutane ake yi.

Ƙidaya ba laifi ba ce. Makiyayin da ke cikin Luka 15 bai san tunkiya ɗaya ta ɓata ba sai don yana ƙirga ɗarin. Luka ya rubuta cewa wajen mutum 3,000 aka yi wa baftisma a ranar Fentikos (Ayyukan Manzanni 2:41), amma a aya ta gaba ya faɗi abin da suka lizima bayan haka: koyarwar manzanni, zumunci, gutsuttsura gurasa da addu'a. Takardarku ta ɗauki aya ta 41 ta bar ta 42. Kai sai ka riƙe duka biyun.

Ga yadda ake ƙidayar da ba ta yaudarar mutum. Ka ƙirga maza daban, mata daban, yara 'yan ƙasa da shekara 15 daban, kuma ka ƙirga a tsakiyar wa'azi, ba a farkon sujada ba. Ka cire Kirsimeti, Ista, ranar godiyar kaka da duk ranar da aka yi baƙi, domin waɗannan ranaku ba sa nuna komai sai farin jinin biki. Sannan kada ka gwada wannan wata da wanda ya wuce, ka gwada Fabrairun bana da Fabrairun bara. A ƙasarmu da an gama kaka samari sun tafi cin rani Kano, Kaduna, Abuja ko Legas, ba su dawowa sai an ga hadari. In damina ta yi nisa rafi ya cika, masu zuwa daga ƙetare su kasa. Akwai kuma abin da takarda ba ta da gurbinsa: 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da yawa a wajen Faskari, Ƙanƙara, Sabuwa da Ɗandume. Majami'ar gari da ta cika da waɗanda suka gudo ba girma ta yi ba, ta ƙauye da ta ragu ba mutuwa ta yi ba. Mai yiwuwa wasu daga cikin rahotannin da suka fi naka, ƙaura suke nunawa kawai.

Ƙidayar da ta fi muhimmanci ita ce ta waiwaye, kuma kaɗan ne suke yin ta. Ka zauna da dattijo ɗaya da shugabar zumuntar mata, ku rubuta sunan duk wanda aka yi wa baftisma a wurin cikin shekara biyar da suka wuce. A gaban kowane suna a sa ɗaya daga cikin waɗannan: yana nan, ya ƙaura yana sujada a wani wuri, ya rasu, ya daina zuwa, ba mu san inda yake ba. Wannan na ƙarshe shi ne ya kamata ya hana ka barci, don yana nuna ba wanda ya bi sawu. Ka cire waɗanda suka rasu da waɗanda suka ƙaura. In cikin sauran fiye da ɗaya bisa uku sun ɓace, a ganinmu rumbunka na da ɓula, ƙara zuba hatsi ba shi ne magani ba. Sai ka duba lokacin da kowa ya janye. Wanda ya ɓace cikin wata shida bayan baftisma, yawanci aji ne ya ƙare ranar da ya fito daga ruwa, ba wanda ya sake riƙe hannunsa. Wanda ya janye lokacin aure, ba a yi masa maganar aure da wuri ba. Wanda ya janye bayan ciwo ko rasuwa a gidansa, tsoronsa ne ba a taɓa taɓawa ba.

Wannan ya kawo mu ga mai zuwa wurin boka, kuma a nan muke so ka daɗe. Manomi ya san ƙuduji: yana kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa ya daɗe yana tsotsa kafin furensa ya fito fili. Tsoro haka yake. Mutum zai iya haddace amsoshin aji duka, ya yi waƙa a gaba, amma ranar da ɗansa ya sandare da tsakar dare, kakar yaron tana kuka tana cewa an jefe shi, asibiti da nisa, ba kuɗin mashin, a ranar ne ake ganin wanda ya dogara gare shi. Kada ka fara da sanarwa a majami'a. In ka kunyata shi, abin da za ka koya wa sauran shi ne su iya ɓoyewa. Ka je gidansa, ka tambaye shi abin da ya faru a daren, ka saurara har ƙarshe. Sau da yawa za ka tarar boka ne kaɗai aka iya tasa daga barci.

Gyaran yana da hannu biyu. Na farko koyarwa: ka ɗauki mako huɗu a kan Markus 4:35 zuwa 5:43, inda Yesu ya nuna ikonsa a kan hadari, aljanu, ciwo da mutuwa, labari ɗaya kowane mako, ka bar mutane su faɗi tsoronsu da bakinsu. Ka bambanta musu sassaƙe da saiwa na magani da abin da ake haɗawa da yanka, duba da sharuɗɗa, don in ka haramta komai a dunƙule ba za su yarda da kai ba, kuma da gaskiyarsu. Na biyu tsari: a naɗa mutum biyu da kowa ya san ana iya buga musu ƙofa kowane lokaci, ɗaya mai mashin. A ware ɗan kuɗi daga baiko, wanda zai isa mai da katin asibiti sau biyu ko uku, a hannun ma'aji, ana faɗin abin da ya rage duk wata. Su zo su yi addu'a su kuma ɗauki yaron, domin zazzaɓi mai zafi da sandarewa a yaro sau da yawa cizon sauro ne ya yi tsanani, kuma jira har gari ya waye yana kashewa. Bayan shekara, ka ƙirga sau nawa aka buga wannan ƙofa da dare. Wannan lamba ta fi yawan baiko gaya maka gaskiya.

Su kuma masu rikicin gona, Matiyu 5:23-24 da 18:15-17 sun shimfiɗa hanya. Ka ga kowa shi kaɗai tukuna. Sannan ku je gonar da ƙafa tare da tsofaffi biyu da suka san tsohuwar iyaka, in ya kama da mai unguwa, a tsai da magana a dasa gamba a kan layin kowa na gani. Sulhun da aka yi a majami'a ba a taka gona ba, da shuka ta zo yake warwarewa. Ka roƙe su a asirce su dakata da cin Jibin Ubangiji har a gama, ka sanar da Rabaran da dattawa, don horo ba na mutum ɗaya ba ne.

To, yaya ake ganin girma, tun da zuciya Allah kaɗai ke ganinta? Ta 'ya'ya. Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri da sauransu, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ake gani sosai ranar Lahadi da safe. A gida ake ganinsu, a kasuwa, a gona. Ka sayi littafin rubutu mai kauri, ka ba kowane gida shafi biyu. Mutum 50 ba za su wuce gida goma sha biyu ko sha biyar ba. In kana ziyartar gida biyu a mako, cikin wata biyu ka zagaya kowa. Bayan ka dawo gida, ba a gabansu ba, ka rubuta kwanan wata da abin da ka gani ko ka ji. Kada ka rubuta "ya girma cikin ruhaniya", wannan ba a iya gwada shi da komai. Ka rubuta "ya biya buhun masara biyu da ake binsa tun shekara uku", ko "matarsa ta ce tun kaka bai ɗaga mata hannu ba", ko "ta daina cusa wa mudu tsumma", ko "ya je gaisuwar rasuwa gidan wanda suka yi shari'a". Ka kula da abin da mata da yara suke faɗa game da maigida, da abin da maƙwabta Musulmi suke faɗa game da amanarsa, don su ne ke cin kasuwa da shi. Ka kuma gwada mutum da inda ya fito, ba da wani ba. Wanda ya fito daga gidan giya da faɗa, yau ya yi wata biyar bai sha ba, mai yiwuwa ya yi tafiyar da ta fi ta dattijon da aka haifa a gidan masu bi.

Abin da ke lalata wannan aiki shi ne ya zama leƙen asiri. Da mutane sun ji malam yana tara laifuffukansu, ƙofa ta rufe. Don haka littafin na addu'arka ne da shirin koyarwarka, ba a karanta shi a taron dattawa, ba a misali da shi a wa'azi. Zunubin da aka faɗa maka a asirce ba ya shiga ciki sam. Wani lahanin kuma shi ne a yi wa mai hali sassauci saboda shi ya sayi kwanon rufi. Ka lura da kanka a nan.

Yanzu su 23. Tsakanin yau da zuwan Rabaran, ka zauna da kowa shi kaɗai kamar minti ashirin, tare da mai bi guda da ya manyanta. In mace ce, da wata babbar mace a wurin. Kada ka yi tambayoyin hadda. Ka ce ya gaya maka da bakinsa wane ne Yesu da abin da mutuwarsa da tashinsa suka yi masa. Ka tambaye shi me ya bari, me yake fama da shi har yanzu, me zai yi in danginsa suka juya masa baya, wa ya san yana wannan aji a gidansu. Wanda ya ce yana fama da abu kaza ya fi ba mu kwanciyar hankali a kan wanda ya ce ba shi da matsala ko ɗaya. Kuma kada ka tsananta fiye da Littafi. Baftisma ƙofar shiga ce, ba takardar kammala makaranta ba. A Ayyukan Manzanni 8 an yi wa mutumin Habasha baftisma a ranar da ya ji bishara, amma a sura ɗin nan ne kuma aka yi wa Siman mai sihiri, daga baya Bitrus ya gaya masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba. Abin nema shi ne ina fuskar mutum ta dosa. Kana iya tarar da takwas ɗinka sun zama goma sha biyu, tsohuwar da ba ta iya jera amsa ba ta fi kowa sanin wanda ta ba da gaskiya gare shi. Yaron da bai kai shekara 18 ba, sai da yardar iyayensa a fili. Matar aure kuma kada a yi abin a ɓoye wa mijinta.

Waɗanda za a jinkirta, ka gaya musu a keɓe, ka faɗi dalili, ka ba su lokaci sananne, misali Ista, ka haɗa kowa da wanda zai riƙa tafiya da shi. "Ba yanzu ba" da ba ranar komawa, kora ce. Rabaran kuma ka kai masa bayanin tun yanzu, kada ya ji a bakin rafi.

Aji kada ya mutu ranar baftisma. Ka raba sababbin uku-uku ko huɗu-huɗu, maza da maza, mata da mata, su haɗu sau ɗaya a mako na minti arba'in da biyar, da rani da yamma, da damina bayan an ci tuwon dare. Tsarin ba ya canjawa: kowa ya faɗi yadda ya yi da abin da ya ɗauka makon jiya, a karanta labari ɗaya daga Markus sau biyu, a rufe littafi wani ya maimaita shi da ka, a tambaya me ya nuna game da Allah da game da mu, kowa ya faɗi abu ɗaya da zai yi da wanda zai ba labarin, a yi addu'a. Littafin Markus yana da sura 16, labari ɗaya a mako zai ɗauke su kusan shekara. In ba mai karatu, a saka Littafi Mai Tsarki na saurare a katin waya, amma ka buɗe ajin yaƙi da jahilci ko da na mutum biyar ne. Tun 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki yake da Hausa, abin baƙin ciki ne mai bi ya shekara goma bai iya buɗe shi da kansa ba. Inda ƙungiyoyin nan suke mutuwa shi ne in jagora ya mai da zaman wa'azi. In ya cinye fiye da ɗaya bisa uku na maganar, ka gyara shi. Wata uku na farko kai za ka ja, wata uku na biyu wani ya ja kana zaune, bayan nan ka riƙa leƙowa sau ɗaya a wata. Abin da 2 Timoti 2:2 ke nufi ke nan, a danƙa wa amintattu waɗanda za su iya koya wa wasu.

Akwai gwaji ɗaya da ba ya ƙarya. Ka shirya ka yi Lahadi biyu a jere ba ka nan, da sanin shugabanninka. In ka dawo ka tambaya: an yi sujada? Wa ya karanta, wa ya yi bayani? An ƙirga baiko mutum biyu sun sa hannu? An je duba marar lafiya? Tun tsakiyar ƙarni na 19 Henry Venn na ƙungiyar mishan ta CMS a Ingila yake cewa ikkilisiya ta tsaya da ƙafarta ne in tana mulkin kanta, tana ɗaukar nauyin kanta, tana kuma kai bishara da kanta. Abin da ya tsaya cik da ba ka nan, shi ne aikinka na shekara mai zuwa.

Batun shugabanninka, ka cika takardarsu da gaskiya, ko lamba ɗaya kada ka ƙara. Sannan ka manna shafi ɗaya naka: daga 30 zuwa 50 da bayanin takin, sakamakon ƙidayar waiwaye, mutum nawa suka koyi karatu, nawa suke iya jan ƙungiya, rikici nawa aka sulhunta, abin da ya faru a Lahadi biyun da ba ka nan, ba tare da sunaye ba. Ka roƙi babban da ya yi maganar ya zo ya kwana biyu a ƙauyen. Ka yi da ladabi, domin su ma da lamba ake tambayarsu daga sama, kuma mai bishara malalaci yana iya fakewa da cewa shi inganci yake nema. Shafin nan ne zai raba ka da irinsa. Ba ku kaɗai kuka taɓa shiga wannan ruɗani ba. A 2007 wata babbar majami'a kusa da Shikago a Amurka, Willow Creek, mai tara dubban mutane, ta fito da sakamakon binciken da ta yi a kan mutanenta, ta amsa cewa yawan shiga shirye-shiryen coci bai nuna mutum yana ƙara ƙaunar Allah da mutane ba. Ka kuma tuna da mafarin aikin ƙungiyar mishan ta SIM a ƙasar nan. Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893. Cikin 1894 biyu sun rasu, daga baya Bingham ya koma gida, ba a kafa tashar farko a Patigi ba sai 1902. A Katsina ma ta hanyar jinyar kutare a Babbar Ruga SIM ta yi shekaru tana aiki tun shekarun 1930, wankin miki da ɗaurin ƙafa, abin da takarda irin taku ba ta da gurbin rubutawa.

In duk da haka aka canja maka wuri, ka tafi ba tare da ka tara mutane a bayanka ba. Ka zauna da magajinka yini guda, ka zagaya da shi gida-gida, ka danƙa masa jerin masu baftisma, sunayen jagororin ƙungiyoyi da na waɗanda aka yi wa alkawarin Ista. Littafin gidaje kuwa, ka karanta shi shafi-shafi kafin ka miƙa, duk abin da mai gidan ba zai so wani ya sani ba ka cire. Waɗanda suke zuwa wurinka a keɓe da tambayoyi ba su shirya a san su ba, sunansu kada ya taɓa hawa takarda, ko a littafi ko a waya, kuma ba ka haɗa su da magajinka sai su da kansu sun yarda.